Ba Maus Aka Ɗauka Aiki Ba

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Yau maus ya suɓuce daga hannuna a gaban Hajiya Maimuna. Ba jefar da shi na yi ba. Na kama shi zan ja, sai wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga mini daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, yatsuna suka buɗe da kansu. Ya dinga lilo da wayarsa a gefen tebur, mu biyu muna kallonsa.

Shekara goma sha ɗaya ina kan kujerar nan. Ni ke shigar da sakamakon jarrabawa a makarantar Hajiya da ke Kambarawa, ɗalibai ɗari biyar da 'yan kai, kowane zango. Ban taɓa makarar da katin yaro ko ɗaya ba. Tun makarantar tana aji uku da rumfar kwano muke tare da ita.

Ta ce, "Rahama, tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe mi, Hajiya?"

Ta dubi hannuna irin kallon da ake yi wa mai takaba. Da faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Talata, 24 ga Yuni, bayan sallar asuba

Tun wajen watan azumi ne, in gaskiya za a bi. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 25 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Na je asibiti saboda mijina Baban Fadila ya rantse in ban je ba shi ma ba zai buɗe shago ba. Likitar mace ce, ƙarama, mai sanyin hannu. Ta lanƙwasa mini hannu, ta ƙwanƙwasa nan da can, ta sa na riƙe takarda tsakanin babban yatsa da manuni ta zare ta kamar ba a riƙe ba.

Ta faɗi abin da ta faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta ba ni wani abin ɗaure wuyan hannu mai ƙarfe a ciki, ta ba ni rana ta ce in koma in gaya mata shawarar da na yanke. Na sa katin da ta rubuta ranar a ƙasan jaka.

Abu ɗaya na riƙe daga maganarta. Ta tambaye ni wane aiki ya fi tayar da ciwon. Na ce riƙon maus da latsa shi. Bugu a kibod, in na bi a hankali ina hutawa, da sauƙi. Shi ya sa ma nake buga wannan a tsohuwar kwamfutar gida maimakon biro.

Juma'a, 27 ga Yuni, ƙarfe ɗaya saura

Ambulan.

Da hannunta ta kawo mini, ba ta aiko masinja ba. Ta zauna a kujerar baƙi ta yi ta gaisuwa, ya gida, ya Baban Fadila, ya ruwan jiya, ya jikin. Sannan ta ajiye shi ta ce, "Ki karanta a gida. Ba kora ba ce, wallahi. Sauƙi nake nema maki. Ki ba ni amsa ranar da za a rufe makaranta."

Na karanta sau ɗaya. Akwai kalmar "tausayawa" har sau biyu. Akwai ɗakin littattafai da take so a mayar da ni, can bayan ajin 'yan nazare, inda babu ko soket a bango.

Ba inda za ni.

Asabar, 28 ga Yuni, bayan la'asar

Na je Ƙofar 'Yandaka gaida Kawu Sammani, ƙanen Innata. Ba da niyyar komai na je ba, gida ne ya yi mini zafi. Kawu ya rasa idanunsa yana ɗan shekara tara, ƙyanda ce ta tafi da su. Yanzu malami ne a makarantar makafi. Na same shi a zaure, kwamfutarsa a kan cinya, wata muryar mace tana ta zuba Turanci da sauri kamar mai sayar da magani a tasha, shi kuwa yatsunsa na tafiya.

Shekara nawa ina ganinsa haka? Ban taɓa tsayawa na duba ba. Yau na duba. Babu maus. Babu ma wurin da aka tanada masa.

Na ce, "Kawu, kai da mi kake latsa abu?"

Ya ce, "Wane abu?"

"In za ka buɗe takarda, ko ka rufe, ko ka zaɓi wani wuri."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ɗiyata, ni da ban ga kibiyar ba, ina zan kai ta? Maus ai na masu ido ne, ku da ba ku yarda da abu sai kun nuna shi da yatsa."

Ban san lokacin da na gaya masa komai ba. Hannun, likita, ambulan. Bai ce sannu ba. Allah Ya saka masa da alheri, shi ne mutum na farko a makon nan da bai ce mini sannu ba. Sai ya ce, "Matso nan. Ɗora hannunki."

Ya nuna mini maɓallin da ke da hoton taga: ka danna, ka rubuta sunan abin da kake nema, ka buga Enter, ya buɗe. Alt da Tab, ka yi tsalle daga wannan aiki zuwa wancan. Tab kaɗai, ka matsa daga wannan akwati zuwa na gaba. In ka haɗa da Shift ka koma baya. In ka danna Alt shi kaɗai, ƙananan haruffa su fito a saman takarda, kowane umarni da harafinsa. Shekara goma sha ɗaya ina ganin haruffan nan suna fitowa in na taɓa bisa kuskure, ina tsaki ina korar su.

Da zan tafi ya ce, "Ranar Litinin ki cire shi daga jikin kwamfuta, ki sa a durowa ki kulle. In yana gabanki, hannu zai kai da kanshi. Hannu ba ya jin magana."

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na kulle shi. Makullin yana cikin jakata.

Hannuna ya kai wurin da ba komai sau ashirin da uku kafin azahar. Na ƙirga. Wasiƙar iyaye da nake gamawa cikin minti goma ta ci mini awa guda da rabi. Sau biyu na rufe takarda ban adana ba.

Malam Abba mai lissafi ya leƙo neman jadawalin jarrabawa, ya ga teburin wayam, ya ce, "A'a, Malama, ɓeran naki kyanwa ta cinye?" Na ce e, kuma ta ce saura na masu surutu.

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Sau goma sha huɗu hannun ya kai wurin yau.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Matsalar haɗa maɓalli biyu ko uku lokaci guda ta kusa sa ni kuka. In na miƙe yatsa daga Ctrl zuwa wani harafi mai nisa, ciwon yana dawowa. Na kira Kawu. Ya ce in danna Shift sau biyar a jere. Na danna, kwamfuta ta yi wani ƙara kamar tsuntsu, ta tambaye ni ko na yarda. Na yarda. Yanzu sai in taɓa Ctrl in saki, sannan in taɓa harafin, ɗaya bayan ɗaya, ba sai na baje hannu kamar mai awon yadi ba.

Ashe an tanadi wannan tun tuni. Yana nan ciki, kwance, yana jira. Wa ya taɓa gaya mana? A wurin da na koyi kwamfuta a Ƙofar Marusa, darasin farko shi ne yadda ake riƙe maus.

Asabar, 5 ga Yuli, hantsi

Na fito tsakar gida na tarar Baban Fadila yana matse mini wanki. Mutumin da bai san inda igiyar shanya take ba. Jiya kuma shi ya sauke tukunya daga kan wuta ba tare da ya dube ni ba.

Na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Sai an sa ni?"

Daga nan magana ta tashi. Ya ce Hajiya alheri take nufi, mutane nawa ke neman a ba su wuri mai sanyi su zauna. Ya ce me zan ci da taurin kai. Ya ce hannu ɗaya Allah Ya ba ni na dama. Na ce na sani, ai a jikina yake. Ya ce to maganar likita fa, ranar da ta ba ni ta kusa. Na ce kada ya sako wannan. Ya ce sai ya sako. Na shige ɗaki.

Ba ya fahimta. Shi in ya buɗe shago ya warware yadi, mutane sun san Muttaka ne. Ni ma akwai abin da aka san ni da shi. In iyaye suka buɗe kati suka ga komai daidai, ba su san sunana ba, amma ni na sani.

Wankin dai ya matsu da kyau. Ban gaya masa ba.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na ci karo da bango.

Sakamakon jarrabawa ba a takarda ake shigar da shi ba, a wani shafin intanet ne da Hajiya ta sa wani mai suna Umair ya gina mana bara. Na buɗe don gwaji kafin malamai su fara kawo maki ranar Litinin. Tab yana bin akwatunan maki lafiya lau, ɗaya bayan ɗaya. Amma da na zo ƙasa, koren maɓallin adanawa, sai ya tsallake shi kamar bai gan shi ba. Na koma baya, ya sake tsallakewa. Wurin zaɓen aji ma haka. Sai da maus. Kowane yaro, kowane darasi, sai an latsa koren nan.

Yara ɗari biyar da sha bakwai. Darasi goma sha uku.

Na zauna ina kallon durowar. Har na taɓa jaka. Sai aka kira sallah, na tashi.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Kawu ya ce akwai hanyar tuƙa kibiyar da maɓallan lambobi na gefen dama: takwas sama, biyu ƙasa, huɗu hagu, shida dama, biyar ya latsa. Ya gaya mini yadda ake kunnawa. Yana aiki. Amma tafiyar kibiyar kamar hawainiya ce mai ciwon ƙafa. Kafin ta sauko kan koren, na iya shan ruwa na dawo. Da wannan sai zangon baɗi.

Na kira Umair. Ya yi gaisuwa mai kyau, ya saurare ni, sannan ya ce, "Hajiya, ai makarantu tara ke amfani da shi, ba wanda ya taɓa ƙorafi."

Na ce, "To yau ka samu na farko. Kuma ni ba Hajiya ba ce, ban je ba tukuna."

Ya ce zai duba in ya samu sarari. Na san wannan sararin.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan sallar asuba

Yau ce ranar da likita ta rubuta a kati. Ina da aiki.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Kawu ya kira ni da kansa, muryarsa cike da murna. Ya ce ya yi ta tambaya, wani abokin aikinsa mai ido ya gaya masa akwai wani ɗan ƙari da ake sa wa burawuza, manhajar buɗe intanet, kyauta. In ka danna harafi ɗaya, sai ƙananan haruffa su fito a kan duk abin da ake latsawa a shafin. Ka buga harafin wanda kake so, shi ke nan ka latsa shi.

Ya ce, "Ni bai yi mani amfanin komi, tunda sai an gani. Amma ke mai ido ce, ki ci gajiyar abinki."

Na sa shi. Na buɗe shafin Umair. Na danna. Haruffa rawaya suka watsu a fuskar kwamfuta kamar an zuba masara, kuma ga biyu zaune daram a kan koren maɓallin nan. Na buga su. Ya adana.

Na yi guɗa. A ofis. Mai gadi ya rugo ya ɗauka maciji ne.

Wurin zaɓen aji ne kawai ya ƙi, shi sai da lambobin hawainiya. Wannan sau ɗaya ne a kowane aji, zan iya.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

An fara kawo maki. Aji uku na gama yau. Da, da maus, biyu da rabi nake yi. Ban gaya wa kowa ba, na bar shi a cikina yana mini daɗi.

Na sa agogon waya yana ƙara duk bayan minti ashirin da biyar in tashi in saki hannuwa, in zagaya baranda. Malamai suna kallona. Su kalla.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na safe

Hannun hagun ma ya fara. Yatsu biyu, kaɗan.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan la'asar

An yi ruwa tun safe, wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi sai sha ɗaya. Duk da haka aji biyu.

Hajiya ta shigo ta tsaya a bayana ta daɗe. Ina jin numfashinta. Haruffa suna fitowa suna ɓacewa, akwatuna suna cika. Ta ce, "Wannan kuma wane siddabaru ne?" Na ce aiki ne, Hajiya. Ta ce, "Ambulan fa?" Na ce ai ranar ba ta zo ba.

Ba na maganar jiya.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kada gobe zuciyata ta gyara shi.

Na fitar da gwajin sakamakon aji biyu B don malamai su duba. Malam Abba ya dawo da takardar yana kaɗa ta tun daga ƙofa. Makin lissafi ya zame da layi ɗaya tun daga yaro na huɗu har ƙasa. Kowa ya ɗauki na wanda ke samansa. Yarinyar da ta fi kowa a ajin ta tashi da talatin da ɗaya. Ni na yi. Na danna Tab sau ɗaya fiye da kima, ban duba ba, saboda ina jin daɗin saurina.

Bai kawo mini ni kaɗai ba. Sai da ya bi ta ɗakin malamai. Kafin azahar kowa ya san hannun Rahama ya fara taɓa makin yara.

Hajiya ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce, "Kin gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Ba don ni ba, don ke. Kada ki ɓata sunan da kika yi shekaru kina ginawa."

Na ce, "Hajiya, kuskurena ne, kuma yau zan gyara. Amma ki tuna shekarar da aka yi ambaliya, na sa wa aji uku makin Hausa a gurbin Larabci. Da maus a hannuna, lafiyata ƙalau. Kika ce mini ɗan Adam ajizi ne, muka yi dariya. Yau don an ga ɗauri a hannuna, kuskuren ya zama na hannu?"

Na ƙara da cewa, "Ba maus kika ɗauka aiki ba, Hajiya. Ni kika ɗauka."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na fito na koma kan kujerata. Na gyara ajin, na bi shi layi-layi da rula a kan takarda, sannan na koma na duba duk azuzuwan da na yi tun Litinin. Babu wani.

Juma'a, 18 ga Yuli, hantsi

Ta amsa gaisuwata a taƙaice. Ni ma a taƙaice na yi ta.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Na kai wa Kawu ƙarar kowa da kowa. Ya bar ni na gama tas, yana ɓare gyaɗa. Sannan ya ce, "Ke da Hajiya kin yi daidai. Mai tausayin da bai tambaye ka abin da kake so ba, sai an taka mashi burki. Ni na sha wannan, har hannu ake kama mani a tsallakar da ni titin da ban yi niyyar tsallakawa ba."

Na yi dariya. Sai ya ce, "To likita fa, ita ma tausayinki take ji?"

Na ce wa ya gaya masa. Ya ce Muttaka ya zo shekaranjiya, ya zauna a nan inda nake zaune, bai iya shan ruwan da aka kawo masa ba.

"Ɗiyata, ni idona ba ya dawowa, shi ya sa na koyi zama da abina. Ke naki an ce akwai abin yi. Kibod ya rage maki wahala, bai warkar da ke ba. Kada ki haɗa faɗa biyu wuri ɗaya. Ɗaya kina da gaskiya. Ɗayan tsoro ne kika ɗaura mashi ɗankwali."

Na tattara ɓawon gyaɗarsa na zubar, na yi sallama. A cikin Keke Napep na yi ta jin haushinsa har Ƙofar Marusa. Daga nan kuma haushin ya ƙi tsayawa.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu

Umair ya zo da kansa, ashe Hajiya ce ta kira shi. Ban san ta yi ba. Ya tsaya yana kallon yadda nake aiki, sannan ya ce a ba shi kujera. Na ce ya gwada zaɓen aji ba maus. Ya gwada. Ya sake gwadawa. Ya sosa ƙeya.

Bai kai awa ɗaya ba ya gyara, da wurin zaɓen ajin da koren maɓallin. Yanzu Tab yana tsayawa a kansu kamar kowane akwati. Ya ce wallahi bai taɓa kawo wannan a ransa ba, zai sa wa sauran makarantun ma. Awa ɗaya. Na so in faɗi magana, na haɗiye, na ce Allah Ya yi albarka.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Ɗari biyar da sha bakwai. Firinta ta tofo na ƙarshe ana kiran la'asar. Na duba kowane aji sau biyu.

Na zauna na ɗora hannuwana biyu a kan cinya. Suna zugi, duka biyun. Yau dai na rubuta.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan sallar asuba

Na gaya wa Baban Fadila ya kira asibitin ya nemo mana wata ranar. Ya dube ni ya buɗe baki, na ce in ya ce "ai na gaya maki" na fasa. Ya rufe bakinsa ya ɗauki waya.

Aiki ne za a yi a wuyan hannun dama, a saki jijiyar da ta matse. Ga shi na rubuta wannan ma. Ban mutu ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi

An rufe makaranta. Yara sun watse da katunansu, iyaye suna ta buɗewa a bakin ƙofa.

Na kai wa Hajiya amsata a rubuce, layi huɗu. Na gode da kulawa. Ba na son ɗakin littattafai. Za a yi mini aiki a cikin hutun nan, ina neman mako uku bayan an dawo. Ina neman kujera mai wurin ɗora hannu, da izinin tashi duk bayan rabin awa ba tare da an tambaye ni ko lafiya ba.

Ta karanta ta cire tabarau. Ta ce, "Rahama, kin san dai ba da mugunta na yi ba."

Na ce, "Na sani, Hajiya. Da da mugunta ne da ban sha wahalar amsawa haka ba."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa, ta sa hannu. Ta ce na huɗun ne zai yi mata wuya.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Da hagu nake bugawa, yatsa ɗaya, don haka gajere.

An yi jiya. Hannun yana naɗe kamar ƙullin alkaki. Likita ta ce ya tafi daidai, na hagun kuma za a sa masa ido, wataƙila ɗauri da hutu su ishe shi. Na ji tsoro sosai, har na riƙe rigar Baban Fadila a gaban mutane. Ya yi alkawarin ba zai faɗa ba.

Amma ga abin da nake son ajiyewa. Kafin a shiga da ni, sai da muka tsaya wurin mai rajista. Mace ce kamar sa'ata, an rubuta Halima a ƙirjinta. Ta rubuta sunana, ta kai hannu ta latsa akwati na gaba. Ta rubuta shekaru, ta kai hannu ta latsa. Unguwa, ta kai hannu. A tsakani sai ta saki maus ta yarfe hannun, ta murza wuyansa da ɗayan, ta ci gaba. Na san wannan yarfewar.

Baban Fadila ya ga inda idona yake, ya ce a hankali, "Rahama, don Allah, ba yau ba."

Na sunkuya ta tagar na ce, "Baiwar Allah, ga wani maɓalli can gefen hagu, sama da wanda ke manyanta haruffa. Taɓa shi."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓa. Ya yi tsalle zuwa akwati na gaba. Ta sake taɓawa. Ya sake.

Ta ce, "Ke mara lafiya ce ko ma'aikaciya?"

Na ce, "Yau dai mara lafiya. Ranar da za a kwance mini zare zan biyo ta nan. Ki tanadi kujera biyu."